Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

A fitowar wannan watan muna so mu ɗan tattauna a kan wani al'amari da wasu za su ga kamar lokacinsa bai yi ba, wato irin zaman da ya kamata mu yi da juna a wuraren da jama'a ke cajin motoci da babura masu aiki da lantarki. Mai yiwuwa wani ya ce, "Haba Malam, motocin nan guda nawa ne a Nima ko Aboabo da har za a ɓata musu tawada?" Gaskiya ne, ba su da yawa tukuna. Amma mu da muka shafe shekaru da alli a hannu mun san cewa dokar aji a makon farko ake kafa ta. Malamin da ya bari sai yara sun saba da hayaniya sannan ya ce zai gyara, zai ƙare shekara yana tsawa ba mai sauraronsa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Kuma abin ba shi da nisa kamar yadda ake zato. A watan Disamba na 2023 gwamnatin Gana ta ƙaddamar da manufarta ta ƙasa game da motocin lantarki a wajen taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai, kuma a jawabin kasafin kuɗin 2024 an sanar da ɗage harajin kwastan na tsawon shekara 8 a kan motocin lantarki da za a shigo da su don jigilar jama'a. A 2024 ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal. A Norwe kuwa, cikin kowace sabuwar mota 100 da aka sayar a wannan shekarar, kusan 89 masu aiki da batir ne zalla. A nan kusa da mu, baburan lantarki na kamfanin Spiro sun shiga titunan Togo da Binin, kamfanin Kofa kuma ya buɗe wuraren musanyar batirin babur a Ankara, babban birnin ƙasarmu. Duk mai lura da titi ya fara ganin BYD da Nissan Leaf suna wucewa ba ƙara ba hayaƙi. Ƙannenmu da 'ya'yanmu masu kai saƙo a kan babur, da masu tuƙin haya, su ne za su riga kowa komawa kansu, domin su ne kuɗin mai ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Me ya sa abin ya fi shafarmu?

A ƙasashen Turai mafi yawan caji a gida ake yinsa. Mutum ya taso daga aiki, ya shigar da mota gareji, ya sa filogi, ya kwanta, kafin gari ya waye batir ya cika. To mu a zango ina garejin yake? Gida guda iyali goma, lungun da ko amalanke da ƙyar take ratsawa, ga mita guda ɗaya tal a jikin bango. Kowa ya san irin ka-ce-na-ce da ake yi in an zo raba kuɗin wuta, a ƙirga ƙwan fitila, a ƙirga fanka da firiji da dutsen guga, a ba kowanne makinsa. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. Ƙwan fitila mai wat 10, in ya kwana a kunne awa 10, kashi ɗaya cikin goma na yunit ya ci. Batirin babur mai ɗaukar yunit 3, caji ɗaya ya cinye wutar wannan ƙwan ta dare 30. Motar da batirinta ke ɗaukar yunit 40 kuwa, cikawa ɗaya daidai take da wutar ƙwan ta dare 400, wato fiye da shekara. Wace tsohuwa ce mai fitila ɗaya da rediyo za ta yarda a raba wannan kuɗin da ita? Kuma in ta ƙi, wa zai ga laifinta?

Saboda haka yawancinmu ba mu da wata mafita sai wurin cajin jama'a, na bakin manyan kantuna da gidajen mai da tashoshi. Mai gida da gareji yana zuwa can ne in hanya ta bi da shi. Mu kuwa can ne rijiyarmu. Duk abin da ya lalata zaman wurin, a kanmu zai fara faɗawa.

Sai kuma mu fahimci inda caji ya bambanta da shan mai. A gidan mai minti 5 ya isa a cika tanki, shi ya sa ko layi ya yi tsawo ana haƙuri, don yana tafiya. Caji ba haka yake ba. Ƙaramar na'ura mai ƙarfin kilowat 7 tana buƙatar kusan awa 6 kafin ta cika batirin yunit 40. Babbar na'ura mai sauri, mai kilowat 50, takan kai irin wannan batir daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin 100 a cikin minti 40 ko kusa da haka. Ashe abin da ake rabawa a wurin caji har da lokaci, kuma lokacin ya fi wutar tsada. Mu ƙara wani lissafin. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare minti 960 ne. Idan kowace mota ta yi minti 40 ta tashi, na'ura guda za ta sallami mota 24. Idan kowa ya ƙara minti 20 kacal yana hira ko cin wake da shinkafa, mota 16 kawai za ta samu. Mutum 8 ke nan sun koma hannu rabbana, kuma a cikinsu akwai wanda abincin gidansa na ranar yana cikin batirin nan. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Gadon da muka tarar

Abin da ke ba mu ƙwarin gwiwa shi ne wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmar zango kanta, ai ma'anarta ta asali masaukin ayari ce. Kakanninmu fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu, har su iso Gwanja su sayi goro. Salaga, wadda ake yi wa kirari da garin rijiya dubu, ita ce babbar kasuwarsu, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa mutanenta zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. Ayarin da ke da ɗaruruwan dabbobi ba zai kai ko'ina ba in kowa ya ce jakinsa ne zai fara sha kuma ba zai ɗaga daga bakin ruwa ba. Wurin caji zango ne a wannan ma'ana ta farko: matafiyi ya tsaya, abin hawansa ya sha, ya ɗaga ya ba na baya wuri.

Ko ba mu je da nisa cikin tarihi ba, dukkanmu a bakin famfon unguwa muka tashi. Mun bi layi da bokiti da garwa, daga baya da galan ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor. Ba a rubuta dokar famfo a ko'ina ba, amma ƙaramar yarinya ma ta san ta. In ka zo ka gaisa, ka tambayi wane ne na ƙarshe. Bokitinka yana riƙe maka wuri, amma in layi ya zo kanka ba ka nan, a wuce ka. Ba a wanki a ƙarƙashin famfo ana jira. Mai galan shida yakan bar mai buta ɗaya ya tara ya wuce. In kuwa bokitin wata ya cika tana can tana hira, sai a ɗauke shi a ajiye gefe, a sa na gaba. To a nan ne kawai aka sami bambanci, kuma babba ne: mota ba bokiti ba ce da za a ɗauke a ajiye gefe. In mai ita ya kulle ya tafi, kowa ya tsaya. Nauyin da jama'a ke ɗauke wa mai bokiti, a wurin caji ya dawo kacokan a wuyan mai mota.

Ladubban da ya kamata mu riƙe

Na farko, wurin caji na mai caji ne. Sau da yawa shi ne ya fi kusa da ƙofar kanti, ga inuwa, ga fili fetal, sai mai motar fetur ya ce ai minti biyu kawai zai yi. Minti biyun nan mun san su, su ne ke komawa awa guda. Haka nan mai motar lantarki da ba ya caji, shi ma ba shi da hurumin tsayawa a wurin. Iyayenmu da 'yan'uwanmu mata masu teburin koko ko ƙosai, da masu sayar da katin waya, a taimaka a nuna musu gefe. Filin da aka shafa wa fenti ba fili ne da ba mai shi ba.

Na biyu, in ka ƙoshi ka tashi, kuma ka san mene ne ƙoshi. Batirin waɗannan motoci yana shan wuta da sauri in yana da yunwa, amma in ya kai wajen kashi 80 sai na'urar da ke kula da lafiyarsa ta rage gudun wutar don kada ya yi zafi ya lalace. Kamar lodin motar haya ne: fasinjojin farko nan da nan suke samun kujera, na ƙarshe kuwa sai an muskuta an gyara kaya kafin su zauna. A motoci da yawa, lokacin da za a ɗauka daga kashi 80 zuwa 100 ya kusa kai wanda aka ɗauka daga 20 zuwa 80. Don haka mai yawo cikin gari, in ya ga mutane na jira, ya cire a kashi 80 ya kama gabansa. Mai doguwar tafiya, kamar wanda zai kama hanyar Kumasi mai nisan kilomita 250 ko kusa da haka, balle mai zuwa Tamale, yana da uzurin cikawa. Amma ya buɗe baki ya gaya wa masu jira: "'Yan'uwa, ku yi mini haƙuri, Kumasi na nufa, zan ƙara minti ashirin." Mutum yana iya jure jira in ya san iyakarsa. Shirun da ake yi masa shi ke tunzura shi.

Na uku, ka san bakin motarka da ƙarfinta tun daga gida. Motocin da ke shigowa ƙasar nan daga wurare daban-daban suke, kuma filoginsu ba iri ɗaya ba ne. Na Japan irin su Leaf suna amfani da wanda ake kira CHAdeMO wajen caji mai sauri, waɗanda aka yi don kasuwar Sin suna da GB/T, na Turai suna da CCS, na Amurka ma siffar nasu daban. Kada ka tare wuri rabin awa kana kokawa da filogin da ba zai shiga ba. Kazalika in motarka ba ta iya ɗaukar wuta mai ƙarfi, ga ƙaramar na'ura a gefe ba kowa, to ka bar babbar ga wanda za ta amfana. Wanda ya tara buta a babban famfo alhali ga ƙarami, bai ƙaru da komai ba, ya dai tsayar da mai ganga.

Na huɗu, kada ka cire wa wani filogi. Motoci da yawa sukan kulle filogin a jikinsu yayin caji, in ka fizga da ƙarfi za ka yi ɓarnar da kuɗin gyaranta zai tayar maka da hankali, ga shi wutar babbar na'ura takan kai bolt 400, ba abin wasa ba ce. Ko da kana ganin ya cika, ba ka san tafiyar da ke gabansa ba. Maganin wannan yana hannun mai tafiya ya bar mota: ya rubuta lambar wayarsa da lokacin da zai dawo a takarda ya ajiye a bayan gilashi, in kuma ya yarda a cire masa in ya cika, ya rubuta hakan. Ya sa ƙararrawa a wayarsa, ya dawo kafin caji ya ƙare.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya game da ranar Juma'a. Za a sami wanda zai ga dabara ce ya sa mota a caji ƙarfe 12 ya wuce masallaci, ya saurari huɗuba, a idar da salla, a yi gaishe-gaishe, a leƙa gidan suna, sai wajen ƙarfe 2 da rabi ya dawo. In ƙaramar na'ura ce mai ɗaukar awoyi, babu laifi. In kuwa mai sauri ce, to ya tare wa mutum uku hanya da sunan ibada, kuma wataƙila ba Musulmi ba ne, abin da za su tafi da shi a zuciya game da mu ba mai daɗi ba ne. Malamanmu kullum suna tuna mana nauyin haƙƙin mutane. Ko dai ka bar makulli a hannun wanda ka amince da shi ya matsar da ita, ko ka bari sai an sauko. Wannan magana ta hau kan maƙwabtanmu masu zuwa coci ranar Lahadi kamar yadda ta hau kanmu, amma mu fara da namu.

Na biyar, ka bar wuri yadda kake so ka tarar da shi. Naɗe kebul ka rataye a mazauninsa, kada ka yar da shi ƙasa mota ta taka ko kansa ya faɗa kwata, musamman da damina. Na'ura in ta lalace ba ranar ake gyara ta ba, kuma asarar ta kowa ce. In ka tarar ba ta aiki, ka gaya wa mai kula da wurin, ka kuma sanar da na bayanka kada ya ɓata lokacinsa. A hana yara wasa da igiyoyin. Masu babura da ke musanyar batir, aikinku minti kaɗan ne, amma amana ce: batirin da ka mayar wani ne zai ɗauka gobe ya hau titi da shi. In ya faɗi ko ruwa ya shige shi, ka faɗa.

Na shida, in an ɗauke wuta layi bai rushe ba. Mu da muka ga shekarun dumso daga 2012 zuwa 2016 ba sai an ba mu labari ba. Wanda ke kan caji lokacin da wuta ta tafi, in ya zauna ya jira, shi zai ci gaba in ta dawo. Wanda ya tafi harkarsa ya dawo, ya bi baya. Haka ake yi in famfo ya ɗauke.

Girma da layi

Akwai wani wuri guda da tarbiyyarmu mai kyau za ta iya jawo rikici in ba a yi hattara ba, shi ne maganar girmama na gaba. An koya mana mu tashi wa dattijo a kujera, mu karɓi kayan tsohuwa, mu bar malami ya wuce. Wannan ba abin yarwa ba ne. Amma a wurin caji ba kujera ake bayarwa ba, minti 40 ne na rayuwar kowane mutum da ke layin. In mai kula da wuri ya ga babbar riga da babbar mota ya shigar da ita gaba, bai yi kyauta da nasa ba, da na mutane ya yi.

Kwanakin baya muka ga yadda ya kamata a warware wannan a wani wurin caji da ke gefen wani babban kanti. Mutum uku na jira, na farkonsu wani saurayi ne mai tuƙin haya. Sai ga wani dattijo ya iso, yaron wurin ya fara kame-kame yana neman ya sa shi gaba. Saurayin nan ya fito ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, in kana sauri ka shiga wurina, ni in koma bayan waɗannan bayin Allah biyu. Nawa ne kaɗai zan iya ba ka." Dattijon ya dube shi ya ce, "A'a ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kai abinci kake nema, ni gida zan koma in kwanta. Sa taka." Ya koma motarsa ya jira har layi ya zo kansa. Yaron ya ba da girma daga aljihunsa, dattijon kuma ya nuna dalilin da ya sa ake ba irinsu girman. Ƙa'idar ke nan: kana iya kyautar da wurinka, ka koma wurin wanda ka ba, amma ba ka da ikon kyautar da na wani. Ita ce kuma ta hana mutum ya riƙe wa abokansa uku wuri da waya suna can majalisar shayi.

Mai larura ta gaskiya, kamar mai ɗauke da mara lafiya ko mace mai naƙuda, ko wanda batirinsa ya kusa mutuwa yana neman minti 10 kawai ya kai gida, wannan sai ya roƙi duka layin, kuma ba mu tsammanin za a sami mai hana shi. Matasa kuma su tuna cewa yawancin na'urorin nan da Turanci suke magana, biyan kuɗin ma ta waya ne. In kun ga Baba ko Hajiya suna dube-dube a gaban allo, ku matsa ku taimaka, ku kuma kau da kai lokacin da za su danna lambar sirrinsu.

Kunya da doka

A wasu ƙasashe da tara suka magance taurin kai. A watan Disamba na 2016 kamfanin Tesla ya fara cajin direbobi kuɗi a kan kowane minti da mota ta zauna a wurin cajinsa mai sauri bayan ta cika, sai fa in an matsar da ita cikin minti 5. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta ba da dama a janye motar da ta tsaya a wurin caji ba tare da an haɗa ta da na'ura ba. Mu a unguwa da kunya muka saba gyara mutum: wanda ya yi rashin ta ido a bakin famfo, kafin magariba labari ya kai gidansu. To amma kunya tana aiki ne a inda aka san asalin juna. A wurin caji za ka haɗu da mutumin Ga da na Asante da na Dagomba da Bature, ba wanda ya san gidan wani. Don haka muna kira ga masu wuraren nan su rubuta ƙa'ida a allo babba: iyakar lokacin da za a zauna, yadda ake bin layi, da lambar da za a kira in an sami matsala. A rubuta da Turanci da harsunan da mutanen yankin ke ji, har da Hausa a inda muke da yawa. Ba ma sai an je Amurka neman misali ba. A tashoshinmu, direbobin ƙungiyar GPRTU sun daɗe suna lodi bi da bi, akwai mai littafi da ke rubuta wanda ya riga wani isowa, kuma cikin masu riƙe da littafin nan akwai iyayenmu da yawa. Ƙaramin allo da alli a wurin caji, kowa ya zo ya rubuta lambar motarsa, zai kashe rabin gardama.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya keɓanta da mu wanda ba za mu ɓoye ba. Yawancinmu a ƙasar nan aka haife mu, aka haifi iyayenmu, wasunmu har kakanni. Duk da haka mun san yadda ake yi: in wani ya yi faɗa a bainar jama'a, sunansa ake kira, in ɗanmu ne, sai a ce yaran zango ne. Dattawanmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa, aka ga maƙwabtan shekara da shekaru suna ɗaure kaya. Ba muna cewa mu riƙa sunkuyar da kai ko mu bar haƙƙinmu ba ne. In layinka ne, ka faɗa da murya a sarari, cikin ladabi, kada ka matsa. Abin da muke cewa shi ne wake ɗaya ke ɓata gari, kuma wurin caji wuri ne da za a zauna da mu minti 40 ana kallon halinmu, abin da ba a samu a gidan mai. Dama ce babba. Sallama da gaisuwa da "wane ne na ƙarshe?" ba su cin ko kwabo, kuma in ka ƙara da kalmar roƙo guda a harshen wanda ka tarar, ka gama da shi.

Muna roƙon 'yan'uwanmu malaman makaranta, na boko da na allo, su sa wannan cikin abin da suke koya wa yara game da kayan jama'a, domin yaron da ke aji huɗu yau shi ne direban shekara goma masu zuwa. Muna roƙon sarakunan zango da shugabannin matasa su tayar da maganar a taronsu tun na'urorin ba su iso bakin unguwa ba. Iyayenmu mata sun riƙe dokar famfo shekara da shekaru ba ɗan sanda ba takarda, kowa kuma ya sami ruwa. Bai kamata a ce mu da muka je makaranta mun kasa riƙe ta filogi ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Wassalam.